Ƙofar da Ake Kullewa Ta Waje

A layin neman aiki suka fara ganin juna, wurin da ba mai hankalin da zai je neman soyayya. Tun da hantsi jama'a suka yi dafifi a bakin get ɗin kamfanin ɗinkin, mata gefe guda, maza gefe guda, kowa ya rungume katin shaidarsa a ƙirji. Auta tana tsakiyar layin mata, rana ta dafa mata kai. Kwatsam ta ji inuwa ta sauko mata.

Ta ɗaga kai. Wani saurayi ne daga layin maza, dogo har ya so ya yi yawa, ya matso ya tsaya daidai inda zai tare mata ranar, yana kallon wani wuri daban, wai shi bai san abin da ya yi ba.

"Malam, ka bar layinka fa," ta ce a hankali.

"Ina sane."

"Za a shige gabanka."

"Su shige. Wannan tsayin tun da na yi wayo ban ga amfaninsa ba sai yau."

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. A gida Auta ake ce mata, ita ce ƙarama, amma ita nauyin gidan ya faɗo wa. Babanta mai walda ne, hasken walda ya cinye masa rabin ido, ya dawo gida ya zauna. Yayyenta sun yi aure kowa yana ta kansa. Don haka ba dariya ta zo yi ba, aiki ta zo nema ido rufe.

Mai ɗaukar ma'aikatan Dillali ake ce masa. Shi yake kawo wa kamfanin mutane, shi kuma yake kula da su idan sun shiga. Mutum ne mai tumbi da turare mai hawa kai, irin wanda idan ya yi maka murmushi sai ka duba aljihunka. Yana zaune a bayan tebur, Auta ta durƙusa ta gaishe shi.

"Aure?"

"Babu."

"Ciki fa?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta girgiza kai.

"Miƙo hannuwanki. Juya su." Ya daɗe yana kallon hannun fiye da yadda aikin ɗinki yake buƙata. Sannan ya karɓi katin shaidarta ya jefa a durowa ya tura. "Sai kin cika shekara za ki sake ganinsa. Wadda ta gudu ta bar mana shi. Kin ji?"

Ta san ba inda za a ɗauke ta aiki babu katin nan, ko asibiti sai an tambaya. Amma ta tuna da Baba zaune a tsakar gida yana laluben takalminsa, ta ce, "Na ji."

Tana juyawa ta ji ana tambayar dogon saurayin nan.

"Kai gadi za ka yi. Kana da wani a cikin masu ɗinkin nan? Ƙanwa, 'yar uwa, budurwa?"

"Babu ko ɗaya."

"Madalla. Mu ba ma ba mai ɗan uwa a ciki wannan aikin."

Auta ba ta gane dalilin tambayar ba sai washegari.

An karɓe wayoyinsu a bakin get aka zuba a akwati, aka kora su wani makeken ɗaki. Kekunan ɗinki ne a jere iya ganinka, tulin yadi har rufi, burbushin zare yana yawo a iska yana shiga hanci. Tagogin suna can sama, ƙanana, an gitta musu ƙarafa. Wayoyin lantarki suna lilo a kan kawunan mutane, wasu an naɗe su da leda. Ƙofa ɗaya ce tak, ta baƙin ƙarfe, irin wadda ake ja gefe a kan layi.

Auta ta zauna ke nan ta ji an jawo ƙofar, ƙurrr, ta daki bango, gam. Sai wani ɗan ƙaramin sauti ya biyo baya daga waje. Ƙas.

"Anti, me ke nan?" ta tambayi matar da ke keken kusa da ita, wata mai yawan tari da kowa yake kira Anti.

"Kwaɗo ne, 'yata. An kulle mu."

"Ta waje?"

"To da ta ciki? Wai kada mu saci yadi, kada mu fita shan iska. Sai an tashi za a buɗe."

"Idan wata ta faɗi fa? Idan wuta ta tashi?"

Anti ta yi tari ta goge bakinta da gefen mayafi. "Ki yi ta addu'a kina taka kekenki. Mu ma haka muke yi."

Ranar nan Auta ta soke yatsanta ya fi a ƙirga. Duk wayar da ta yi ɗan ƙara a sama sai ta zabura. Idonta a kan ƙofar, tana jin kamar bangon yana matsowa. Da aka tashi aka ja ƙofar, wa za ta gani riƙe da kwaɗon? Mai inuwar jiya. Dogo, haka ma'aikata suka riga suka sa masa.

Ta ɗaure fuska tamau. Ya miƙo mata wayarta daga akwatin, ya kasa haɗa ido da ita. Sai da ta shiga mota ta lura wayar da ta bayar saura ƙiris ta mutu ta cika fal da caji. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Ni ne mai tare rana. Ki yafe mini, na kira lambata da wayarki. Wallahi ban san aikin da aka ɗauke ni ke nan ba sai da aka danƙa mini kwaɗon. Da na danna shi na ga fuskarki ta ramin ƙofa, yini na yi ban ci abinci ba."

Ta karanta ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta rubuta: "Ai sai ka bar aikin."

"Katina yana durowa ɗaya da naki. Kuma idan na bari, wanda za a kawo bai san kina ciki ba."

Wannan ba ta ba shi amsa ba, amma ba ta goge ba.

Soyayya dai ba ta neman izinin kowa. A hankali saƙo ya zama saƙonni, saƙonni suka zama rakiya zuwa tashar mota, shi yana tafe can baya kamar ba tare suke ba, don idan Dillali ya gani su duka biyun sun shiga uku. Maraya ne, a wurin yayarsa yake zaune. Ba shi da surutu, amma idan ya saki magana ɗaya sai Auta ta yini tana tuna ta tana murmushi. 'Yar Allura yake ce mata, wai don siririya ce kuma tana suka.

"'Yar Allura, kin ci abinci kuwa? Na ga yau kin fito kamar iska za ta ɗauke ki."

"Dogona, tsoro ne ba ya barina. Da zarar na ji ƙas ɗin nan sai cikina ya ɗuri ruwa har yamma."

"Ki saurara da kyau gobe."

Washegari ta kasa kunne. Ƙurrr. Gam. Ta jira. Shiru. Ta ƙara jira har keken Anti ya fara tafiya, ba ta ji komai ba. Ya maƙala kwaɗon ne ya juya bakinsa wajen bango, bai danna ba. Mai wucewa zai rantse a kulle yake. A ranar ne ta fara shaƙar iska har cikin ƙirjinta a ɗakin nan, kuma a ranar ne ta tabbata ta kamu, kamu na gaske.

"Na gode da ba ka danna ba," ta rubuta masa. "Allah Ya bar mini kai."

Amma wani tsoron ya maye gurbin wancan. Yanzu kullum tana taka keke tana tunanin ranar da wani zai kai hannu ya taɓa kwaɗon nan.

Da magana ta yi ƙarfi, Dogo ya sa wankakkiyar rigarsa ya je gaida Baba. Tsohon yana zaune a kan benci, ya ƙanƙance idanunsa yana duban wannan doguwar halitta da ta durƙusa a gabansa.

"Me kake yi a kamfanin?"

"Gadi, Baba."

"Gadin me?"

Ƙarya ba ta cikin halin Dogo, wannan kuwa wani lokacin masifa ce. "Ni nake rufe ƙofar ɗakin ɗinki."

"Kai ne kake kulle mini 'ya?" Baba ya miƙe yana laluben sandarsa. "Kai ne kake garƙame ta kamar akuya, sannan ka wanko ƙafa ka zo neman aurenta? Tashi ka ba ni wuri. Ni na yi aikin ƙarfe rayuwata duka, ban taɓa ƙera abin da za a tsare ɗan Adam da shi ba."

"Baba, ka bari in yi maka bayani," Auta ta ce daga bakin ƙofa.

"Ke kuma shige ciki!"

Bayanin ba zai faɗu ba. Baba mutum ne da ba ya riƙe magana a cikinsa, abin da ya ji da safe kafin azahar ya isa bakin titi. Umma ta ja ta ɗaki tana rarrashi. "Yi haƙuri, Auta. Tsoro ne yake sa shi faɗa. Tun da kika fara aikin nan, idan ya ji jiniyar mota sai ya fito waje ba takalmi."

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Dillali ya fara sintiri. Ya faka mota a ƙofar gida, turarensa ya riga shi sallama. Ya kawo wa Baba maganin ido, ya zauna yana zuba.

"Ai yarinya irin Auta ba ta dace da cikin ɗakin nan ba, Baba. Ni da bakina zan mayar da ita ofis, ga fanka, ga ƙofa a buɗe. Katinta ma a aljihuna zan kawo maka. Abin da ya rage kawai mu zama 'yan gida ɗaya."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma kalmar ƙofa a buɗe ta shige shi, Auta ta gani a fuskarsa. Ita kuwa ko gaisuwar kirki ba ta yi wa Dillali, ta shafa wa idonta toka ta ce masa tana da wanda take so. Ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Ai na sani."

Ta sha jinin jikinta tun kafin gari ya waye.

Da safe ba Dogo ne a kan akwatin wayoyi ba, Dillali ne da kansa. Ya karɓi tata ya jujjuya ta, ya sa a aljihun gaban rigarsa maimakon akwati. Suka shiga. Ƙurrr. Gam. Sannan ƙas, da ƙarfi, wani sabon sauti mai nauyi da ya fi na da.

Auta ta ji kamar an danna shi a ƙirjinta.

Da aka tashi ta ga sabon kwaɗo, ƙato. Ta ga Dogo cikin sabon yunifom har da hula, yana tsaye kusa da Dillali. Ta kafa masa ido, ya kau da kai kamar bai taɓa ganinta ba.

"Kin ga abokin naki?" Dillali ya ce yana miƙo mata wayar. "Yaro mai hankali. Shi da kansa ya zo ya ce tsohon kwaɗon ba ya kamawa, a sayo sabo. Na ƙara masa matsayi. Kowa da farashinsa, Auta. Nasa hula ce."

Ba ta yarda ba. Ta rubuta masa tun a mota: "Dogona, me ke faruwa? Ka ce mini ƙarya yake yi." Shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba. Washegari ma haka, ƙas da safe, kau da kai da yamma. Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa. Ta daina cin abinci, ta rame ta zama allurar gaske. Idan ta rufe ido ƙofar take gani. Tsoron ya dawo ya ninka, ga shi yanzu ba ta da wanda za ta gaya wa. Ran da haƙurinta ya ƙare ta rubuta:

"Ashe Baba ya fi ni gani duk da ciwon idonsa. Ka ji daɗin hularka. Kada ka ƙara tuna ka san ni."

Ko wannan bai amsa ba.

Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga ƙofar gaba ɗaya, aka mayar da shi can bayan kamfanin wurin lodin motoci. Makullin ya koma aljihun Dillali, mutumin da yake fita cin abinci ya manta da dawowa. A yammacin ranar saƙo ya shigo mata daga baƙuwar lamba.

"'Yar Allura, wayar Yaya ce. Ki karanta ki goge, ya daɗe yana duba wayarki a akwati. A cikinta ya ga zancen kwaɗo. Ya ce idan ya ƙara ganin kalma ɗaya tsakaninmu zai kore ki ba kati, ni kuma zai ce na buɗe wa ɓarayi. Hular ya sa mini ce don ki tsane ni. Ban damu ki yafe mini ba, wannan kawai ki riƙe: idan wani abu ya faru KADA KU TURA ƘOFAR. Ku kama mariƙin ku da yawa ku ja ta hagu da iya ƙarfinku. Za ta buɗe ko da kwaɗo. Ki yarda da ni sau ɗaya."

Ta karanta ta sake karantawa. Gaskiya ce, ko daɗin baki? Ta yaya ƙofa mai ƙaton kwaɗo za ta buɗe? Kuma idan gaskiya ce, ashe saƙonta ne ya tona masa asiri. Ta goge kamar yadda ya ce, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka har Umma ta shigo.

Abin ya faru ne wata rana da tsakar rana, zafi ya kai zafi. Anti ce ta fara ɗaga kai tana shinshina.

"Auta, kina jin ƙauri?"

Kafin ta amsa, wata waya a sama ta yi tas-tas, tartsatsi ya zubo a kan tulin yadin da ke ƙarshen ɗakin. Kan ka ce kwabo yadin ya kama. Irin yadin roba ne, ba ya ci a hankali, narkewa yake yi yana fitar da baƙin hayaƙi. Fitilu suka ɗauke. Ɗakin ya yi duhu sai jan harshen wuta.

Ihu ya kaure. Mata suka yi kan ƙofa, ana ture kekuna, ana taka juna. "Innalillahi! A buɗe! Ku taimake mu!" Suna dukan ƙarfen da hannu, da takalmi, da kujeru, na baya suna danna na gaba. Ba wanda ya amsa daga waje. Dillali ya fita da makullin.

Auta ta tsaya cak a inda take, ƙafafunta sun ƙi ɗaguwa. Abin da ta daɗe tana gani a mafarki ne ya zo da rana tsaka. Hayaƙi ya shige mata maƙogwaro, idonta ya rufe da hawaye. Ta ji Anti ta zube a gefenta tana tari kamar ranta zai fita, tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Wannan kiran ne ya farkar da ita. Ta ja Anti ta jingina ta da bango, ta kutsa cikin mutane. Ta ga yadda nauyinsu ya danne ƙofar a kan layinta, ko motsi ba za ta yi ba. Ta hau kan wani tebur.

"Ku daina turawa! Ku ja baya!"

Wa zai saurare ta? Ta wawuri almakashin yanka yadi ta riƙa buga shi a jikin bututun ƙarfe har kunnuwa suka ɗauka.

"Ku daina turawa, don Allah! Ja za mu yi! Hagu!"

"Da kwaɗo a jiki, mahaukaciya?" wata ta yi mata tsawa.

Ita ma Auta abin da zuciyarta take faɗa mata ke nan. Idan ƙarya ya yi mata, ta ɓata musu ɗan lokacin da ya rage, kuma da bakinta. Zafin wutar ya fara lasar bayanta. Ta rufe ido ta ga mutumin da ya bar layinsa don ya tare wa baƙuwa rana.

"Za ta buɗe! Na rantse za ta buɗe! Ku kama!"

Ta diro ta cafki mariƙin. Wata ta kama ƙugunta, wata ta kama na waccan, wasu suka cusa yatsu a gefen ƙarfen. Suka ja. Ƙofar ko gezau. Auta ta ƙara damƙe mariƙin.

"Kuma! Gaba ɗaya! Bismillahi!"

Suka sake ja da ƙarfin mai ganin mutuwa. Wani abu ya yi ƙara a waje, ƙarfe ya fizge daga bango, ƙofar ta tafi ƙurrr, haske da iska suka faɗo musu a fuska. Suka tuttuɗo waje suna faɗuwa a kan juna.

Tana rarrafe tana neman numfashi ta hango shi. Ya taho a guje daga bayan kamfanin, ba hula, ba takalmi ɗaya, yana ƙwala kiran sunanta kamar zautacce. Da ya gan ta sai ya durƙusa a gabanta.

"Anti," ta ce da ƙyar tana nuna ɗakin. "Tana jikin bango."

Bai tsaya ba. Ya shige cikin hayaƙin. Auta ta ɗora hannu a ka, wannan jiran ya fi mata duk wanda ta taɓa yi tsawo. Can sai ga shi ya fito a sunkuye, Anti a kafaɗarsa, hannun rigarsa yana ci da wuta. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Amma Dillali bai gama ba. Ya dawo ya tarar da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, nan take ya nuna Dogo. "Ga shi nan. Shi ya lalata ƙofar, shi ya sa wutar don ya yi sata." Aka tasa ƙeyar Dogo da ƙunarsa a hannu, Auta tana kuka tana bin motar.

Labari ya kai gida. Baba ya iso da sandarsa, ba takalmi, Umma tana riƙe da shi. Ya shafa fuskar 'yarsa da hannu biyu ya tabbatar ita ce, sannan ta gaya masa komai. Ya ce a kai shi bakin ƙofar.

Kwaɗon yana nan a ƙasa, a kulle gam, maƙale da ƙarfen da ya fizgo daga bango. Baba ya tsuguna ya lalubo notunan da suka zube, ya murza su a tsakanin yatsunsa. Guntaye ne. An cire dogayen da suka shiga bango, an yanke su da zarto, an mayar da kawunan yadda ido ba zai gane ba, har an shafa musu tsatsa.

"Da hannu ya yanka," Baba ya ce, muryarsa ta canza. "Ɗaya-ɗaya, a ɓoye, Dillali yana tsaye a kansa. Da an kama shi gidan yari zai tafi." Ya damƙe notunan a tafinsa. "Ni kuma na kore shi kamar kare."

Ya zuba notunan a aljihu ya ce a nuna masa hanyar ofishin 'yan sanda. Ba shi kaɗai ya je ba. Matan ɗakin ɗinkin kaf suka bi bayansa, da toka a fuska da yagaggun mayafai, suka cika harabar suka zauna a ƙasa. Kowace ta ba da shaida: wa ke riƙe da makulli, ina ya tafi, tun yaushe suke kukan wayoyin nan. Kafin rana ta faɗi aka saki Dogo, aka riƙe Dillali. Hukuma ta rufe kamfanin, aka fasa durowar nan aka mayar wa kowa katinsa.

A bakin ofishin Dogo ya durƙusa zai gaida Baba, tsohon ya riƙo shi.

"Tashi, ɗana. Ni ya kamata in durƙusa. Ka turo manyanka."

Auta ta raka shi asibiti a wanke ƙunar. Tana zaune a gefensa ta kasa ɗaga kai.

"Dogona, saƙon nan da na turo maka..."

"Wanne? Na hula?" Ya yi murmushi duk da zafin da yake ji. "Ai gaskiya kika faɗa, hular ba ta yi mini kyau ba."

Ta yi dariya da kuka a haɗe. "Yanzu ga mu ba aiki, ni da kai."

"Baba ya ce kayan aikinsa suna nan suna tsatsa. Shi zai zama baki, ni in zama ido. Ke kuma 'Yar Allura, keke ɗaya zai ishe mu farawa."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura auren. Ba wani taron kece raini aka yi ba, amma gidan ya cika har waje, don ba wadda ta fito daga ɗakin nan da ta yarda a ba ta labari. Ana cikin hidima Anti ta aika a kira mata ango. Ya shigo tsakar gida yana sunkuyar da kai, Auta tana zaune a lulluɓe tana leƙensa ta ƙasan mayafi.

Anti ta turo yara uku gabansa, ƙaramar ko tafiya ba ta gama iyawa ba.

"Ku gaishe shi," ta ce. Sannan ta dubi Dogo. "Ka gan su? Ubansu ya rasu. Ni kaɗai gare su."

Sai wata matar ta matso da nata biyu. Wata ta miƙo jariri. Wata ta jawo tsohuwar mahaifiyarta da take ciyarwa. Kafin a ankara an zagaye shi, yara suna kama masa ƙafa, ƙananan hannuwa suna miƙowa sama ba sa ko kaiwa ƙugunsa. Dogo ya duba hagu ya duba dama. Ya durƙushe a tsakiyarsu ya rufe fuska da hannunsa mai tabo, kafaɗunsa suna girgiza.

Baba ya lalubo kansa ya dafa, ya kamo hannun Auta ya ɗora a kan nasa.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Yadda ka mayar wa yaran nan iyayensu, Allah Ya bar ku ku ga jikokinku."

Amin ɗin da ta tashi a gidan nan har bakin titi aka ji ta.